Koyoti: dilar Amurka da ake ta kashewa yana ƙara yaɗuwa

A kowace shekara ana kashe koyoti tsakanin dubu 400 zuwa dubu 500 a Amurka. Mafarauta na harbinsa, masu tarko na kama shi don fatarsa, wani sashe na Ma'aikatar Noma ta ƙasar kuma shi kaɗai yakan kashe wajen dubu 60 a shekara, wasu ma daga cikin jirgi mai saukar ungulu ake harbo su. A jihar Yuta, a 2012 gwamnati ta sa ladan dala 50 ga duk wanda ya kashe guda ya kai shaida. An fi shekara 100 ana wannan yaƙi. Sakamakonsa kuwa shi ne, dabbar da a da ba a san ta ba sai a filayen ciyawa da hamadar yammacin nahiyar, yau tana ko'ina daga Alaska har Panama, tana kowace jiha ta Amurka ban da Hawai, tana haihuwa a maƙabartun Chicago, an ma sha kama ta a babban lambun shaƙatawa na tsakiyar New York. Don haka duk wanda ya tambayi inda koyoti yake zama, ko abin da yake ci, ko yadda halinsa yake, sai an fara tambayarsa: na wane gari, kuma me mutanen wurin suka yi masa? Amsar tana canzawa da hakan.

Shi dai koyoti dangin kare ne, masana na kiransa Canis latrans. Wanda ya san dila ya kusa saninsa: dogon baki siriri, kunnuwa a tsaye masu tsini, idanu rawaya, gashi ruwan toka da ja-ja a ƙafafu da bayan kunne, jela mai gashi buzu-buzu da baƙi a bakinta. Na yamma yakan kai kilo 8 zuwa 20, wato bai wuce matsakaicin karen gida ba, gashin ne ke sa a ga kamar ya fi haka. In ya zura da gudu yana haura kilomita 60 a awa, kuma jelarsa a ƙasa take yayin gudun, abin da masu lura ke rarrabe shi da kare da shi tun daga nesa. Kamar da yake yi da dilarmu ma ba ta ido kaɗai ba ce. A 2015 binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa dilar yankin Sahel da Arewacin Afirka, wadda aka daɗe ana ɗauka jinsi ɗaya ce da dilar Asiya, ashe ta fi kusa da kyarkecin Turai da koyoti. 'Yan uwa ne na jini. Kuma yadda Bahaushe ya ba dila malantar daji, haka ƙabilun asali na Amurka da dama suka ba koyoti matsayi a labaransu: mai wayo, mai ha'inci, mai kwaɗayi, wanda dabararsa kan juyo ta ci shi, ya mutu a wannan labari ya tashi a na gaba.

Lokacin da tawagar masu binciken ƙasa ta Lewis da Clark ta bi Kogin Missouri a 1804, sun ga wannan dabba a filayen ciyawa suka rasa inda za su sa ta, sai suka ce ƙaramin kyarkecin fili ne. Masanin halittu Thomas Say ne ya yi masa cikakken bayani na kimiyya a 1823. A wancan zamani koyoti ƙaramin mai farauta ne da ke rayuwa a ƙarƙashin inuwar manya. Kyarkeci ne sarkin fili, shi ke ka da ɓauna da manyan barewa, koyoti kuma ya laɓe sai an ƙoshi an tafi ya zo ya kwashi saura. In kyarkeci ya ritsa shi, kashe shi yake yi, sau da yawa ba don ya ci ba. Gabashin nahiyar kuwa kurmi ne mai duhu, cike da kyarketai da damisar dutse, babu abin da zai kai koyoti can. Wannan zaman ɗar-ɗar na dubban shekaru shi ya koya masa abin da ya cece shi daga baya: rashin yarda da sabon abu, saurin haihuwa, da iya rayuwa shi kaɗai in garke ya watse.

Sai Turawa 'yan kama-wuri-zauna suka zo suka yi masa aiki biyu ba da niyya ba. Suka sare dazuzzukan gabas suka mai da su gonaki da makiyaya, wato irin buɗaɗɗen filin da ya saba da shi, mai yalwar ɓera da zomo. Sannan suka ƙarar da kyarkeci. Kafin tsakiyar ƙarni na 20 babu sauran kyarkeci a kusan duk jihohin ƙasar in ban da Alaska da wani lungu na arewacin Minnesota. A gandun dajin Yellowstone ma, wanda aka ce an keɓe don kare namun daji, ma'aikatan gwamnati ne suka kashe na ƙarshe a 1926. Ga koyoti, faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ba wai an ƙyale shi ba ne. Da aka gama da kyarkeci, kansa aka juyo gaba ɗaya. A 1931 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar da ta ba Ma'aikatar Noma ikon kawar da dabbobin da ke ɓarna ga kiwo, koyoti na sahun gaba. Aka riƙa cusa guba a mushen doki ana yar da shi a daji, aka warwatsa ƙwayoyin kitse masu guba a miliyoyin kadada, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka shigo da wata guba mai suna 1080. Miliyoyin koyoti sun mutu, tare da gaggafa, yanyawa, karnukan makiyaya da duk abin da ya taɓa mushen. Sai a 1972 Shugaba Richard Nixon ya hana amfani da irin wannan guba a filayen gwamnatin tarayya. Amma abin da ya ƙarar da kyarkeci cikin 'yan shekaru bai ƙarar da koyoti ba. Kyarkeci ya dogara ne da garke, in aka kashe ɗaya aka shafa warinsa a tarko sauran kan zo nemansa su faɗa. Koyoti kuwa in wuta ta yi wuta sai kowa ya kama gabansa, ya koma cin ɓera da fara, ya nausa inda ba a san shi ba.

Haka ya yi ta nausawa. Ya isa Ontario ta Kanada a 1919, ya shiga jihar New York da Maine kafin Yaƙin Duniya na Biyu, ya mamaye jihohin kudu maso gabas daga shekarun 1960 zuwa 1980. A tsakiyar shekarun 1980 aka fara ganinsa a tsibirin Newfoundland, inda ake kyautata zaton ya taka ƙanƙarar da ke rufe teku da hunturu ya ƙetara. Wani bincike da James Hody da Roland Kays suka fitar a 2018, bayan sun bi diddigin dubban samfura da ke gidajen adana kayan tarihi, ya nuna cewa faɗin ƙasar da koyoti ke zaune ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100 daga shekarun 1950.

A hanyarsa ta gabas ne wani abu ya faru da ya canza masa jiki. A yankin manyan tafkuna ya tarar da ragowar kyarketai da suka rasa abokan barbara, sai jini ya gauraya, daga baya na kare ma ya shiga. Koyotin arewa maso gabas na yau, bisa wani nazari na 2014, kusan kashi biyu cikin uku na jininsa ne na koyoti, kusan rubu'i na kyarkeci, kusan kashi ɗaya cikin goma na kare. Ya fi na yamma girma, ya fi shi faɗin kai da ƙarfin muƙamuƙi, yana iya kama babbar barewa, kuma kurmi ba ya ba shi tsoro. 'Yan jarida sun so su mai da shi wani sabon dodo, alhali a halayya koyoti ne sak.

Batun abinci shi ne inda labarin ya fi daɗi, don a nan ake ganin dalilin da ya sa babu ƙasar da ta gagare shi. Tushen cimarsa ƙananan dabbobi ne: ɓeraye iri-iri, kurege, zomo. Yadda yake kama ɓera abin kallo ne. Zai riƙa takawa a hankali cikin ciyawa, sai ya tsaya cak, ya karkata kai gefe guda, ya juya kunne ɗaya sannan ɗayan, yana auna inda motsin yake. Ba ya ganin ɓeran, ji yake yi, ko da kuwa dusar ƙanƙara ta rufe shi. Sai ya tattara ƙafafunsa huɗu wuri guda, ya yi tsalle sama ya lanƙwashe a iska, ya sauko da ƙafafun gaba ya danne, baki na biye. Sau da yawa yakan kuskure, ya girgiza kai ya ci gaba. In ya dace kuwa, loma ɗaya ce. A haka zai yini yana tsintar ɓera ɗaya bayan ɗaya har ciki ya cika, ba ya bukatar kowa ya taya shi.

Daga nan sai abin da yanayi ya kawo. A watan Mayu da Yuni barewa ke haihuwa ta ɓoye ɗanta a ciyawa, koyoti kuwa ya san haka, a wasu jihohin kudu maso gabas shi ne babban mai cin 'ya'yan barewa. Da zafi ya shigo sai fara da ƙwari, da ƙadangaru da macizai, da ƙwan tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa. Da kaka sai ya zama rabin mai cin ganyayyaki: 'ya'yan itatuwan daji, tufa da ta faɗo a lambu, 'ya'yan wata ƙaya ta hamada, da wani ɗan itace dangin kanya da yake matuƙar so. Manoman kankana a Texas da jihohin kudu sun san shi sarai, don yakan shiga gona da dare ya fasa wadda ta nuna. Da hunturu kuma, lokacin da ɓera ya shige ƙarƙashin ƙanƙara, sai a koma ga mushe da barewar da yunwa ta raunana. A wannan lokaci ne aka fi ganin koyoti uku ko biyar suna farauta tare, don babbar barewa ta fi ƙarfin guda.

Akwai ma farautar haɗin gwiwa da wata dabbar daban. A filayen yamma akwai wani ɗan uwan dage, gajere mai faɗin jiki da dogayen farata, gwanin tono. Kurege in ya ga koyoti sai ya shige rami, in ya ji mai tono ya biyo shi sai ya fito ta wata ƙofar. To in su biyun suka haɗu, kurege ya shiga uku: ɗaya na tono, ɗaya na tsaye a sama yana jira. Masu bincike da suka bi su a jihar Wyoming sun ruwaito a 1992 cewa koyotin da ke tare da wannan aboki yakan kama kurege fiye da mai farauta shi kaɗai da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ba sa raba abin da aka kama, wanda ya samu ya ci abinsa, amma suna jure wa juna, har akan ga sun kwanta kusa. A 2020 wata kyamara da aka ɗaura a bakin kwalbati a ƙarƙashin babbar hanya a Kalifoniya ta ɗauki koyoti yana tsalle yana kaɗa jela, yana jiran abokin nasa ya ƙaraso su shige tare. Miliyoyin mutane sun kalli bidiyon, amma ƙabilun asali sun daɗe da sanin wannan abota, tana cikin labaransu.

Na birni fa? A nan ne mutane suka fi yin kuskure, don kowa na ɗauka shara yake ci da kyanwar maƙwabta. Stanley Gehrt na Jami'ar Jihar Ohio ya fara bin koyotin Chicago da kewayenta a 2000, aikin da aka yi zaton na shekara guda ne, ga shi har yau ana yi, an sa wa ɗaruruwa abin wuya mai na'urar bin sawu. Da suka tattara kashin koyoti sama da 1,400 suka tantance, sai aka sami ɓeraye a kashi 42 cikin 100, 'ya'yan itatuwa a kashi 23, barewa a kashi 22, zomo a kashi 18. Sharar mutane ba ta wuce kashi 2 ba, kyanwa kuma wajen kashi 1. Wato koyotin Chicago yana tsakiyar birni amma cin daji yake yi. Sai dai kada a ɗauki wannan a shafa wa kowane gari. A Los Angeles, binciken da hukumar kula da gandun daji ta ƙasa ta fitar a 2020 ya gano akasin haka: abin da ya fito daga hannun ɗan Adam, wato shara, kyanwoyi, abincin dabbobin gida da 'ya'yan itatuwan ado na ƙofar gidaje, ya kai kashi 60 zuwa 75 na cimar na cikin gari, kuma an sami ragowar kyanwa a kashi 20 na kashinsu. Dabba ɗaya ce, garuruwan ne suka bambanta. Chicago na da dazuzzukan da aka keɓe a kewaye da ita da layukan dogo masu ciyawa, Los Angeles kuwa na da dabinon ado da ɓaure a kan tituna da ɗimbin kyanwoyi marasa gida da mutane ke ajiye wa abinci a waje.

Ta fuskar zamantakewa, abin da ya fi ba ni mamaki game da dabbar da aka yi wa shaidar ha'inci shi ne amanar aure. Namiji da mace in sun haɗu sukan zauna tare har ɗaya ya mutu. Masu binciken Chicago sun gwada jinin koyoti 236 cikin shekara shida, suka fitar da sakamako a 2012: a duk haihuwa 18 da suka duba, babu ɗa ko guda da ba na mijin gidan ba. A cikin dangin kare wannan ba ƙaramin abu ba ne, ballantana a birni inda abinci ya wadata kuma maƙwabta ke kusa. Dalilin ba soyayya irin ta waƙa ba ce, lissafi ne. Macen kan haifi 'ya'ya biyar zuwa bakwai, wani lokaci fiye da goma, ba za ta iya ciyar da su ita kaɗai ba. Sau ɗaya ake barbara a shekara, tsakanin Janairu da Maris, ciki wata biyu ne da 'yan kwanaki, a haihu a Afrilu ko Mayu cikin rami. Sau da yawa ba su ke haƙa ramin daga farko ba, na wata dabba suke faɗaɗawa, ko su sami ƙarƙashin tushen itace, ko bututun ruwa da aka daina amfani da shi. Uban ne ke kawo wa uwar abinci a makonnin farko. Bayan mako uku 'ya'yan kan fara leƙo waje, da an yaye su kuma sai iyayen su riƙa cin nama a daji su dawo su amayo musu. Da zarar sun ji an taɓa ramin ko an yi ta zarya kusa da shi, sai uwar ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya a baki ta kai wani da ta tanada. In ba lokacin reno ba, koyoti ba ya kwana a rami, a fili yake kwanciya cikin ciyawa ko ƙarƙashin sarƙaƙiya.

Abin da ake kira garken koyoti gida ɗaya ne kawai: uba, uwa, 'ya'yan bana, da ɗaya ko biyu na bara da suka zauna taya reno. Su ke da yanki, suna zagaye iyakarsa suna sa alama da fitsari da kashi a kan hanya inda kowa zai gani. A Chicago yankin gida ɗaya bai cika wuce murabba'in kilomita 5 ba. Sauran 'ya'yan kan bar gida daga wata shida zuwa tara, su zama 'yan yawo marasa yanki, suna raɓe-raɓe a tsakanin iyakokin wasu, wani ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita. A riƙe waɗannan 'yan yawo a zuciya, don su ne sirrin duk abin da zai biyo baya.

Kukansu shi ne abin da baƙo ya fara sani. Ɗaya zai fara da dogon kuka siriri, sai ɗayan ya shigo da gajerun haushi masu kaifi, sai 'ya'ya su ɗauka kowa da muryarsa, ana hawa ana sauka, har mai sauraro ya rantse sun kai goma sha. An gwada wannan a Texas: aka kunna wa mutane muryoyin da aka naɗa aka ce su ƙiyasta, sai yawancinsu suka ninka adadin kusan sau biyu. Amfanin kukan biyu ne, tara 'yan gida bayan an watse farauta, da sanar da maƙwabta cewa wurin nan da masu shi. Camfin da ake yi cewa suna kuka ne don murnar sun yi kisa ba shi da tushe, mai nama a baki ba ya kiran jama'a. Jiniyar motar asibiti ma kan tayar musu da kukan.

To me ya sa kisa ba ya rage su? Abu uku ne ke haɗuwa. Na farko, a wurin da ba a taɓa su, uwar gida kaɗai ke haihuwa, 'yan matan da ke tare da ita ba sa yi. In aka kashe iyayen sai gidan ya watse, waɗanda da ba su da damar haihuwa su samu. Na biyu, in yawansu ya ragu sai abinci ya yalwata ga waɗanda suka saura, mace ta haifi da yawa kuma da yawa su rayu. Frederick Knowlton ya nuna haka a Texas tun 1972: inda ba a matsa musu ba, mace na haifar kimanin huɗu, inda ake kashe su sosai kuwa kusan bakwai. Na uku, 'yan yawon nan. Yankin da aka share yau, cikin makonni wani ya shigo ya kafa gida. Wani lissafi da masana biyu na Jami'ar Kalifoniya suka yi a 1975 ya nuna cewa sai an kashe kashi 75 cikin 100 na koyotin wuri kowace shekara, har tsawon shekara 50 ba fashi, kafin a ce an gama da su. Babu gwamnatin da ta taɓa iya wannan. A ganina ladan da ake biya kan kowane kai da gasar kisa da ake shiryawa a wasu jihohi, inda ake ba da kyauta ga wanda ya fi tara gawa, ɗiban ruwa ne da kwando. Suna sanyaya zuciyar wanda aka yi wa ɓarna, ba sa rage ɓarnar. Jihohi irin su Kalifoniya, Arizona da New Mexico sun haramta irin wannan gasa.

Sai dai wanda bai taɓa tashi da safe ya tarar da 'yan tumakinsa a yashe ba, bai kamata ya yi wa makiyayi wa'azi ba. Ɓarnar gaskiya ce. A ƙididdigar Ma'aikatar Noma, fiye da rabin tumakin da namun daji ke kashewa a Amurka koyoti ne ke kashe su. Yakan kama maƙogwaro ya riƙe har numfashi ya ɗauke. Abin da binciken da aka yi a wata tashar gwajin kiwo ta Hopland da ke arewacin Kalifoniya ya ƙara wa wannan magana shi ne, ba kowane koyoti ke cin tumaki ba. Kusan duk kisan, ma'aurata masu yankin da garken ke kiwo a cikinsa ne ke yi, musamman in suna da bakunan ciyarwa. Su kuwa su ne mafi wayo, mafi wuyar faɗawa tarko. Kisan kan mai uwa da wabi yakan kwashe matasa marasa laifi ya bar masu aikin. Har ila yau, in ma'auratan wani yanki ba su koyi cin tumaki ba, su ne ke korar baƙin da za su iya ci, kashe su buɗe ƙofa ne. Shi ya sa makiyaya da yawa suka koma ga tsaro: manyan karnukan gadi na asalin Turkiyya da tsaunukan Faransa da ake rainonsu cikin tumaki tun suna ƙanana, da jaki, da lama, wata 'yar uwar raƙumi ta Kudancin Amurka da ba ta ƙaunar ganin dangin kare, da shingen lantarki, da shigar da masu haihuwa garka da dare.

Wanda ya iya rage koyoti da gaske shi ne tsohon maigidansa. Da aka mai da kyarketai Yellowstone a 1995, cikin 'yan shekaru yawan koyoti a kwarin Lamar ya faɗi da kusan rabi. Waɗanda suka tsira sun canza zama, suka koma haƙa rami a wurare masu duwatsu da kusa da hanyar mota, inda kyarkeci ba ya son zuwa.

Shi ma koyoti haka yake yi wa na ƙasa da shi, kuma a nan ne amfaninsa ke fitowa. A 1999 Kevin Crooks da Michael Soulé suka duba ragowar kwazazzabai masu ciyayi da gine-ginen San Diego suka kewaye. Inda akwai koyoti, tsuntsayen daji sun fi yawa da iri-iri, don yana hana kyanwoyi da yanyawa sakewa. Inda babu shi, kyanwoyi sun cinye tsuntsayen.

Zaman birni ya mai da shi ɗan dare. A daji yakan yi farauta da rana ko da sanyin safiya da maraice, a gari kuwa sai ƙafa ta ɗauke yake fitowa. An ga waɗanda suka koyi tsayawa a bakin titi su duba ɓangaren da mota ke zuwa kafin su tsallaka, duk da haka mota ce babbar ajalinsu, kuma yawancin na Chicago ba sa wuce shekara uku a duniya, alhali a tsare sukan kai sha uku zuwa sha biyar. Ƙazuwa ma tana kashe su, ta zubar da gashi sanyi ya ƙarasa, kuma irin waɗannan marasa lafiya ne aka fi gani da rana suna raɓar gidaje. Jefi-jefi ne wani ke yin abin da zai shiga labarai, kamar wanda a 2007 ya shiga wani shagon sayar da abinci a tsakiyar Chicago da rana tsaka, ƙofa a buɗe, ya haye cikin firjin lemo ya zauna abinsa har ma'aikata suka zo suka ɗauke shi. Dubbai kuwa suna nan kusa da mutane shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ganinsu.

Hatsarinsa ga mutum kaɗan ne, amma akwai shi. Kisa biyu aka tabbatar a tarihi: wata yarinya 'yar shekara 3 a Glendale ta Kalifoniya a 1981, a unguwar da ake ba su abinci, da wata mawaƙiya 'yar shekara 19 a gandun dajin Cape Breton na Kanada a 2009. Na biyun ya daɗe yana ɗaure wa masana kai, don waɗannan ba su saba da abincin mutane ba. Binciken da aka fitar a 2022 ya gano cewa ƙananan dabbobi sun yi ƙaranci a wurin, har koyotin suka koma cin mus, wata ƙatuwar barewa da ta kai sa girma, ita ce fiye da rabin cimarsu. Wanda ya saba tunkarar abin da ya ninka shi sau ashirin, mutum shi kaɗai a hanyar daji ba zai yi masa kwarjini ba. A sauran wurare kuwa kusan duk cizon da ake samu yana komawa ga abu guda: wani ya riƙa ba su abinci har tsoro ya fita. Karnukan gida na cizon mutum kusan miliyan 4.5 a shekara a Amurka, na koyoti kuwa ba ya wuce 'yan gomomi. Shawarar hukumomi ga mazauna birane ba ta da wuya: kada a ajiye abincin kare a waje, a rufe shara, a riƙe ƙaramin kare da igiya, in an haɗu da koyoti kada a gudu, a ɗaga hannu a daka masa tsawa a jefe shi. In kuma a watannin reno ne ya riƙa bin mai kare daga nesa, yawanci rakiya yake yi, yana so ya ga an bar kusa da raminsa, da an yi nisa zai juya.

Ta kudu ma tafiyar ba ta tsaya ba. Sare daji don kiwon shanu ya buɗe masa hanya ta Kosta Rika ya shiga Panama a farkon shekarun 1980, a wajen 2013 kuma aka tabbatar ya ƙetare mashigin ruwan Panama. Kyamarorin da masu bincike suka kafa sun nuna shi yana bin gonakin da ke gefen babbar hanyar da ta ratsa nahiyar har zuwa bakin kurmin Darien. A can ya haɗu da wata yanyawar Kudancin Amurka mai cin ƙaguwa, wadda ita kuma ta bi ta cikin kurmin ta taho arewa a ƙarshen shekarun 1990, yanzu suna zaune a yanki ɗaya. Abin da ya rage tsakaninsa da Kolombiya shi ne wannan kurmi mai damisa, inda hanyar mota ta yanke na kusan kilomita 100, kuma ana ci gaba da sare shi daga gefe.